Ranar Da Mai Girki Ya Kulle Ƙofa

   

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na zauna a teburin wani mai shayi a unguwar Zongo ta Parakou. A ƙarshen benci samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, an jingina ta da gwangwanin madara. Fim ne na Turawa, ba fassara, ɗaya daga cikinsu ɗalibin jami'ar Parakou ne, shi ke mayar musu da maganar Hausa yana haɗawa da Dendi. Sai ka ji sun tuntsire da dariya, can kuma a yi tsit, wani ya dafe kai yana salati, ba a jima ba dariya ta sake ɓarkewa. Mai shayin da kansa ya bar kaɗa ƙwai, cokali a hannu, ya zagayo yana leƙe ta kafaɗarsu, har kaskonsa ya fara hayaƙi. Na tambayi sunan fim ɗin, aka ce The Menu. Na sa mai turi ya tura mini, na kalla har ƙarshe, kuma tun daga daren nan nake juya tambaya ɗaya a raina: me ya haɗa mai shayin Zongo da labarin attajiran Amurka a wani tsibiri, har ya manta da ƙwansa a wuta?

Fim ɗin ya fito a 2022, Mark Mylod ne ya ba da umarni, Ralph Fiennes ya fito a matsayin babban kuku mai suna Slowik. Gidan abincinsa a tsibiri yake, sai da jirgin ruwa ake isa. Mutum 12 kawai ake karɓa a dare, kowanne ya biya dalar Amurka 1,250. Ku tsaya mu yi lissafi tare. Wannan kuɗin ya haura sefa dubu 700. Mafi ƙarancin albashi a hukumance a nan Benin, tun daga Janairun 2023, sefa dubu 52 ne a wata. Ke nan abincin dare ɗaya na mutum ɗaya ya fi gumin lebura na shekara guda cur. Kuma kada ku ɗauka ƙirƙira ce zalla, akwai gidajen abinci masu irin wannan tsari a duniya. Ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, Will Tracy, ya samo tunanin ne bayan ya ci abinci a wani tsibiri kusa da birnin Bergen na ƙasar Norway, ya lura cewa in jirgi ya tafi, ba ka da hanyar fita sai an gama da kai.

To me ake ci da wannan kuɗi? Nan ne dariyar take farawa. Ana kawo faranti fari tas mai faɗin faifai, a tsakiyarsa ɗan abin da bai kai loma ɗaya ba, an ɗiga masa miya kamar ana ɗiga maganin ido. Kafin a taɓa, sai kukun ya tafa hannu ya yi dogon jawabi. A wani zagaye ma ya sanar da su cewa burodi abincin talaka ne tun fil azal, su kuwa ba talakawa ba ne, don haka ba za a ba su burodi ba. Aka jera musu 'yan ɗigon miyar da ake dangwalawa, babu abin dangwalawar. Wasu suka ɓata rai, amma wasu suka shiga yabo, suna cewa wannan hikima ce mai zurfi. A nan ne samarin Zongo suka fi yin dariya, kuma na fahimce su. Duk wanda ya taɓa ganin mutum yana yaba abin da bai gane ba don kada a ce masa ɗan ƙauye, ya san wannan fuskar.

Daga nan wasa ya koma jini. Aka kawo wa kowane tebur waina an buga masa asirinsa a jiki: wannan takardun kuɗin da ya karkatar, wancan hotonsa da matar da ba tasa ba. Mataimakin kukun ya harbe kansa a gaban baƙi, aka ce wannan ma yana cikin tsarin abincin. Wani attajiri ya miƙe zai fita, aka datse masa yatsa. Sannan aka gaya musu kowa zai mutu kafin gari ya waye, har da masu girkin.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai babu jini a cikinsa. Kukun ya dubi wani attajiri da ya ci abinci a gidan sau 11, ya ce ya faɗi sunan abinci ɗaya tak daga cikin abin da aka taɓa dafa masa. Mutumin ya kasa. Da na koma wurin mai shayin nan muka yi hirar, wannan wurin shi ma ya ɗauko. Ya ce akwai masu zuwa teburinsa shekara da shekaru, in sun zo sai dai su buga benci su ce a kawo, ba su taɓa tambayarsa yaya gida ba, ba su san ƙarfe nawa yake tashi hura gawayi ba. Jama'a, ga amsar tambayata. Mai shayin bai taɓa ganin tsibirin nan ba, amma ya san yadda ake ji in mutum ya ci daga hannunka bai ga fuskarka ba.

Mutum ɗaya ce ta tsira, wata yarinya mai suna Margot, wadda Anya Taylor-Joy ta fito a matsayinta. Ita ba 'yar gidan masu kuɗi ba ce, rakiya aka ɗauko ta. Ta leƙa ɗakin kukun ta ga tsohon hotonsa yana saurayi, yana gasa nama a wani ƙaramin shago, fuskarsa cike da murmushi. Sai ta miƙe a gaban kowa ta ce abincinsa bai ƙosar da ita ba, har yanzu yunwa take ji, a yi mata burodi mai niƙaƙƙen nama da cuku a tsakiya irin na bakin titi. Mutumin ya tsaya da kansa a gaban kasko, ya gasa, kuma a karo na farko a fim ɗin ka ga fuskarsa ta saki. Ta gutsura, ta yaba, ta ce a ƙunshe mata saura ta tafi da shi. Ya ƙunshe, ya buɗe mata ƙofa. Sauran kuwa suka ciro katunan banki suka biya kuɗin abincinsu, sannan aka cinna wa gidan wuta. Ko da yake, in gaya muku, wannan abincin talakan nasu ma dala 9 da ɗoriya ne, kusan sefa dubu 6, kuɗin cefanen gida guda a unguwanninmu. Talaucin wani wuri wadatar wani wuri ce.

The Menu ba shi kaɗai ba ne. A shekarar da ya fito, wani ɗan ƙasar Sweden, Ruben Östlund, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa da Triangle of Sadness. Shi kuma jirgin ruwan shaƙatawa ne cike da attajirai. Akwai mai sayar da takin zamani, akwai wani tsoho da matarsa masu fara'a da ladabi waɗanda sana'arsu ƙera gurneti. Ana tsakiyar liyafa igiyar ruwa ta taso, abincin alfarma ya dawo ta inda ya shiga, masai ya cika ya tumbatsa. Jirgi ya nitse, tsoffin nan gurnetin kamfaninsu ne ya tashi da su. Waɗanda suka tsira suka faɗa tsibiri, kuma a cikinsu babu wanda ya iya kama kifi ko hura wuta sai Abigail, matar nan 'yar Filifin da aikinta a jirgi wanke bayan gida ne. Dare ɗaya ta zama shugaba, mai agogon miliyoyi yana miƙa mata hannu don ɗan yankin kifi. Kafin su akwai Parasite na Bong Joon-ho daga Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2019, ya kuma zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar a 2020. A cikinsa abin da ya kai direba ga daɓa wa maigidansa wuƙa shi ne toshe hanci, domin maigidan ya daɗe yana cewa talaka yana da wani wari. A 2019 ɗin dai Sifaniya ta fitar da El Hoyo, kurkuku mai hawa 333, teburin abinci yana saukowa daga sama, na sama su ci su tattaka saura, na ƙasa su sami ƙashi da fasassun kwanoni.

Me ya sa duk suka zaɓi abinci? Ai mai kuɗi yana da mota, yana da bene, yana da jirgi. Ina ganin dalilin shi ne, ciki ɗaya ne ga kowa. Wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba, ba zai iya auna almubazzarancin mai jirgi uku ba. Amma kowa ya san nawa ne ke ƙosar da mutum. In aka ce wani ya kashe albashin shekara a loma goma sha wani abu, ko yaro zai gane an wuce gona da iri. Sannan a wurin ci ne sarki da bawa suke zama abu ɗaya: baki ya buɗe, haƙori ya tauna, ciki ya murɗa. Shi ya sa Östlund ya daɗe a kan aman nan har mai kallo ya kawar da kai. Rigar alfarma ba ta hana ciki aikinsa.

Dariya da tsoro kuwa, kowanne da aikinsa. Da tsoro ne kawai, da mun kashe wayar mun kwanta. Da dariya ce kawai, da mun manta kafin safiya. Dariyar ce take ba talaka dama ya kalli mai ƙarfi ido da ido, tsoron kuma shi ke tuna masa cewa maganar ba ta wasa ba ce, akwai fushi na gaske a bayan murmushin mai hidima.

Mu kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa ganin ɗan kama a kasuwa ya san yadda yake ɗauko muryar karatu ko ta wa'azi, ya mayar da komai maganar tuwo da miya da nama, jama'a na dariya, mai ƙoshi na jin kunya a ɓoye. A tashen azumi yara kan cusa tsumma a riga su yi tumbi, su kwaikwayi manya a ƙofar gidan manyan, ba mai dukansu. A fadojin ƙasar Hausa an yi wasan gauta, inda matan gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana da dare, na kura da haɗamarta, na Gizo da makircinsa a kan abinci, na dodo mai haɗiye gari, duk ka duba za ka ga dariya da firgici a ƙwarya ɗaya aka dama su.

A fim ma 'yan Afirka sun riga Turawan nan da shekaru. A 1975 Ousmane Sembène na Senegal ya fitar da Xala. Labarin wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ana wanke masa marsandi da ruwan kwalba na Faransa, ya karkatar da shinkafar da aka tanada don mabuƙata, ya yi gagarumin bikin auren mata ta uku. Daren farko ya tarar an ɗaure shi, ba ya iya komai a matsayin namiji. Ya bi bokaye har dukiya ta ƙare. A ƙarshe mabarata da guragu da kutaren da yake sa a kora daga ƙofar ofishinsa suka shiga falonsa, suka buɗe firiji suka ci, shugabansu ya bayyana cewa shi ne wanda Alhajin ya cinye wa gado. Maganin ɗaurin ɗaya ne, ya tuɓe riga su tofa masa yawu ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan hoton fim ɗin ya tsaya. Ni a wurina duk wutar The Menu ba ta kai wannan yawun zafi ba, domin Alhajin nan mun san shi, mun san irin rawaninsa da irin gaisuwarsa. A 1992 kuma Djibril Diop Mambéty ya yi Hyènes, wato kuraye. Wata tsohuwa, Linguère Ramatou, ta dawo garinsu Colobane da dukiya mai yawan gaske, ta ce za ta wadata kowa in an kashe mai kantin garin, Dramaan Drameh, wanda ya yi mata ciki tana yarinya ya ƙaryata ta. Mutanen gari suka ce Allah ya kiyaye, su ba dabbobi ba ne. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka fara cin bashin kayan daɗi a kantin mutumin da kansa, kowa ya sayi sabon takalmi. Mambéty bai bar talaka ya fita da farar riga ba, kuma zan dawo kan wannan.

Yanzu bari in zo gida. Akwai masu cewa son irin waɗannan finafinai hassada ce kawai, talaka ne ke jin daɗin ganin mai kuɗi a wulaƙance. Ban yarda ba, kuma tarihin garuruwan nan namu biyu, Parakou da Djougou, shi ne hujjata. Babbar kasuwar Parakou sunanta Arzeke, kalmar da muke cewa arziki. Mutanen da suka raɗa wa kasuwarsu wannan suna ba maƙiya dukiya ba ne. Parakou da Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, dukansu zangon ayari ne a kan hanyar goro. Madugai kan taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fata, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Borgu, su yada zango a nan kafin su wuce Salaga a ƙasar Gwanja. Wa ke karɓarsu? Maigida. Shi ke ba da masauki, shi ke sa a ɗora tukunya, shi ke tsaya wa baƙo a ciniki. Girman maigida a zango ana auna shi ne da yawan akushin da ke fita daga gidansa da magariba. Haka a wajen maƙwabtanmu Bariba, 'ya'yan sarauta na Wasangari da kyauta ake sanin darajarsu, kuma wanda ya je bikin Gani a Nikki ya ga yadda hannu ke buɗewa in kakaki ya yi kuka. Mu nan mai arziki abin alfaharin unguwa ne, maroƙa na kiran sunansa, uwaye na sa wa 'ya'yansu sunansa. Wanda ake yi wa habaici shi ne marowaci, da mai ci shi kaɗai, har Bahaushe ya ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Abin da finafinan nan ke duka ke nan: abincin da aka raba shi da ciyarwa, ya koma tambarin nuna isa.

Kuma wannan cutar ta shigo mana. Na halarci wani biki a wani zauren taro a nan Parakou, ba zan faɗi suna ba. Tun asuba na ga matan da aka ɗauko aikin girki a bayan ginin. Uku a kan turmi ɗaya suna kirɓa sakwara, taɓare na tashi na sauka, gumi na bin wuyansu, wata dattijuwa tana soya wagashi, hayaƙi ya sa idonta ja wur. Wagashin nan kuwa wata Bafulatana ce ta tatsi nonon, ta dafa shi da ganyen tumfafiya, ta ɗauko shi a ka daga ruga. Da yamma aka buɗe zaure, ƙofa da katin gayyata, ƙarti biyu a tsaye. A ciki kowane tebur an jera kaza da kifi da nama da shinkafa kala biyu da sakwara, alhali yawancin baƙin daga wani bikin suka zo, cikinsu a cike. Aka ɗaga waya aka ɗauki hoton faranti, aka tsakura, aka ture. Da na fito shan iska sai na ga yara almajirai da robobinsu a jikin katanga, da 'yan zemijan da suka kawo baƙi suna zaune a kan baburansu, ƙamshi na dukan hancinsu. Ƙarshen dare, a idona, aka haɗa ragowar farantai da ƙasusuwa da tsinken sakace da takardar goge hannu a babban baho ɗaya, ta yadda ko an ba yaran ba zai ciwu ba. Dattijuwar nan mai wagashi tana zaune a kan bokiti, ba wanda ya kira ta ciki, ba wanda ya ambaci sunanta a lasifika, ga maroƙi yana ta zuba kirarin waɗanda ba su ɗaga ko ludayi ba. Na koma gida raina a jagule. Malamanmu sun sha jan kunnenmu a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, sun sha karanta mana makomar Ƙaruna da hukuncin almubazzaranci. Muna ji, muna cewa Allah ya kyauta, ranar Asabar mu sake.

Wannan kuma a wane lokaci? Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kuma Parakou gari ne da ke numfashi da manyan motocin hanyar Nijar. Direba ya ji a jikinsa, yaron mota ya ji, mai faci ya ji, mai tuwon tasha ta rage tukunya. Manomin auduga a Borgou da mai kashu a Donga su ke noma abin da ƙasa ke taƙama da shi a kasuwar duniya, amma ku je ƙauyukansu a watan da rumbu ya yi ƙasa ku ga abin da ake sa wa a baki. Saurayin da ya fito daga irin wannan gida, ya ga kukun nan ya kulle ƙofa a kan masu dala 1,250, don me ba zai yi dariya ba?

Sai dai akwai inda na rabu da waɗannan finafinai, kuma ina so samarinmu su ji ni da kyau. Wutar da Slowik ya cinna ba ta ƙosar da kowa ba. Masu wanke kwanoninsa ma a ciki suka ƙone, kuma shi kansa azzalumin maigida ne ga yaransa, har ɗaya ya kashe kansa don faranta masa. Abigail da ta sami iko a tsibiri, ba a yi kwana nawa ba ta fara sayen mutane da abinci kamar yadda aka saba yi mata. Masu finafinan sun san haka, da gangan suka nuna, amma mai kallo a waya yakan ɗauki daɗin ramuwar ya bar gargaɗin. Mutanen Colobane talakawa ne, kuma su ne suka zagaye maƙwabcinsu saboda firiji da fanka. Mu nan Benin ba sai an ba mu labari ba. A 2010 da asirin kamfanin ICC Services ya tonu, dubban mutane ne suka wayi gari ajiyarsu ta narke, saboda alkawarin ribar da hankali ba zai ɗauka ba. Sha'awar zama a babban teburin nan ita ce ke jan yaro cikin damfarar intanet, ita ce ke kai wani wurin matsafa. Finafinan kudancin Najeriya tun daga Living in Bondage na 1992 wannan tsoron suke nunawa, na mutumin da ya ba da ran iyalinsa don kuɗi. Ke nan in ka kalli The Menu ka ga fuskar Alhajin unguwarku kawai, rabin fim ka gani. Ka tambayi kanka yadda kake kiran yarinyar da ke kawo maka koko da safe, da ko ka san sunan mai wankin kayanka.

Ga iyaye kuma, waɗannan ba finafinan yara ba ne. Akwai giya, akwai kisan kai, akwai abin da tarbiyyarmu ba ta yarda a gani ba. Ku san abin da ake tura wa 'ya'yanku a waya.

Kirana na farko ga masu shirya finafinanmu ne, na Kano da na Nijar da matasanmu na nan da suka fara ɗaukar gajerun wasanni da waya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya nuna cewa Bahaushe na iya sa ka dariya har hawaye alhali yana taɓa maka inda ke ciwo. Ɗan ƙasarmu Sylvestre Amoussou ya juya duniya a Africa Paradis a 2006, ya sa Turawa na layin neman bizar shiga Afirka. To ina fim ɗin da za a ɗauka daga bayan zauren biki, ta idon matar da ke kirɓa sakwara? Labarin yana nan kowane ƙarshen mako, da harshenmu, ba sai an je tsibiri ba.

Na biyu ga duk wanda ke shirin aure ko suna ko walimar dawowa daga Makka a Parakou da Djougou. Allah ya sa albarka, ku yi bikinku, ba wanda ya ce kada a ci daɗi. Amma tun kafin a buɗe zaure, a ware tukunya guda mai tsabta a fitar da ita ƙofa, a zuba wa almajiri da ɗan zemijan da maƙwabci da zafinta. A biya matan girki haƙƙinsu a ranar, a zuba musu daga saman tukunya, kuma a sa maroƙi ya kira sunayensu a lasifika jama'a su ji.